Taurari Biyar ko Sa Hannun Masana: Wace Shaida Ce Abar Dogaro?

A watan Maris da ya wuce, lokacin da zafin Abuja ya kai matuƙa kuma wutar lantarki ta zama sai an ga dama a unguwarmu ta Kubwa, na sayi fanka mai caji a ɗaya daga cikin shagunan intanet. Ban yi cinikin da ka ba, domin sai da na duba na ga tana da taurari huɗu da 'yan kai daga cikin biyar, ga kuma yabo jere a ƙarƙashin hotonta. Ta yi mako shida lafiya lau, a na bakwai batirinta ya daina riƙe caji, ya zamana da an ɗauke wuta sai ta yi 'yan mintoci ta tsaya cak. Da na koma na karanta sharhin nan a tsanake, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Kusan duk masu yabon cewa suke yi kaya sun iso da wuri, kwali bai yage ba, launin yana da kyau. Babu wanda ya taɓo maganar batiri, saboda yawancinsu sun rubuta ne a ranar da mai babur ya sauke musu kayan, ko washegari.

A cikin makon nan ne wata ɗaliba da nake duba aikinta na digiri na biyu ta shigo ofishina fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Malam, albishirinka, an karɓi maƙalata a mujallar ƙasar waje." Na ce goro, sannan na tambaye ta yaushe ta aika. Ta ce shekaranjiya. Wasiƙar da ta nuna mini a wayarta ta ce masana biyu sun duba aikin sun yaba ƙwarai, abin da ya rage kawai shi ne ta tura kuɗin bugawa da dala kafin mako ya ƙare. Maƙalar shafi ashirin ce, cike da jadawali, kuma ni da na san aikin ciki da waje sai da na kwashe kwana uku kafin na gama duba babi ɗaya nata.

Ni da ita abu ɗaya muka yi, wato cinikin biri a sama. A kasuwar Wuse ko a Banex mutum yana ɗaukar kaya ya jujjuya, ya ce a kunna masa ya gani, gani kuwa ya kori ji. Amma idan kayan suna bayan gilashin waya, ko kuma abin da ake son ka yarda da shi sakamakon wani bincike ne da aka yi a ɗakin gwajin da ba za ka taɓa shiga ba, babu abin da ya rage maka sai shaidar wasu. Shaidun iri biyu ne da Turanci yake kira da suna ɗaya, wato review, sai mutane suke zaton aikinsu ɗaya: akwai sharhin masu saye, akwai kuma bitar da masana suke yi wa maƙala kafin mujallar ilimi ta buga ta. Kowannensu yana da tambayar da yake iya amsawa da wadda ba ya iyawa, kuma asarar da ake tafkawa takan zo ne daga kai wa ɗayansu tambayar da ba tasa ba.

Sharhin masu saye ɗan kwanan nan ne. Kamfanin Amazon na Amurka ya ba abokan cinikinsa damar rubuta ra'ayinsu a kan littattafai tun 1995, har da masu kushewa, abin da wasu masu buga littattafai suka yi ƙorafi a kansa a lokacin, domin ba su ga hikimar mai shago ya bari a kushe hajarsa a bakin ƙofarsa ba. Jumia da Konga, waɗanda duk suka fara aiki a Nijeriya a 2012, sun zo da irin wannan tsari na taurari. Bitar masana kuwa ana danganta asalinta da mujallar da ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, Royal Society, ta fara bugawa a 1665, sai dai tilasta aika kowace maƙala ga ƙwararru na waje bai daɗe kamar yadda ake zato ba. Mujallar Nature, duk da girmanta, sai a 1973 ta mayar da shi ƙa'ida. A 1936 Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review maƙala suna cewa igiyoyin da ƙarfin jan nauyi ke haifarwa a sararin samaniya ba su da samuwa. Edita ya ba wani masani da ba a bayyana sunansa ba ya duba, ya gano kuskure. Einstein ya fusata ya janye maƙalar, yana cewa bai ba da izinin nuna ta ga kowa kafin a buga ba. Daga baya ya gyara matsayinsa kafin ta fito a wata mujallar, kuma a 2015 na'urori suka kama igiyoyin nan. Mai bitar ne yake da gaskiya.

Wanda ya zauna a gaban malaman hadisi zai fi saurin fahimtar bambancin tushen shaidun biyu, ko da yake ba ina daidaita darajar abubuwan ba ne, hanyar tunanin kawai nake aro. Malamai sun ce labari yana samun ƙarfi ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai jama'a masu yawa su ruwaito shi, yawan da hankali ba zai ɗauka cewa sun haɗa baki a kan ƙarya ba, ko kuma mutane kaɗan su ruwaito shi amma an san adalcinsu da kiyayewarsu. Taurarin shago suna jingine da hanyar farko, bitar masana tana jingine da ta biyu. Saboda haka abin da yake rushe kowannensu daban ne. Taurari suna faɗuwa idan aka sami hanyar haɗa baki, bita kuma tana faɗuwa idan mutum biyun nan da aka ba amana ba su cancanta ba, ko sun yi sakaci, ko ma babu su ɗungurungum.

Babban bambancin yana wajen abin da kowannensu ya gani da idonsa. Mai saye ya riƙe kayan, ya yi amfani da su a ɗakinsa, a zafin garinsu da ƙurarsa da irin wutar da ake kawo musu. Ya san ko takalmin yana matse ƙafa, ya san ko wayar tana zafi idan ana caji. Wannan ilimi ne na gaske wanda injiniyan da ya ƙera kayan ma ba lallai ne ya same shi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma bai san abin da yake cikin kayan ba, bai kwatanta su da wasu iri goma ba, kuma sau da yawa ya yi magana tun kafin aibin ya fito, kamar yadda masu yabon fankata suka yi.

Mai bitar maƙala akasin haka ne. Ya san fannin, ya san hanyoyin binciken da suka dace, ya san abin da aka riga aka rubuta. Amma takarda kawai aka ba shi. Ba ya zuwa ɗakin gwaji ya maimaita aikin, kuma a mafi yawan lokuta ba ya ganin ɗanyen bayanan da aka tattaro. Ni kaina nakan yi wa wasu mujallu wannan aiki, a kyauta, da dare bayan yara sun yi barci. Akwai wata maƙala da aka taɓa turo mini a kan manoman wata ƙaramar hukuma, inda na tara kason da aka jera a wani jadawali na ga ya haura ɗari bisa ɗari, na kuma ga adadin waɗanda aka ce an yi wa tambayoyi a shafi na huɗu ya saɓa da na shafi na tara. Wannan na iya kamawa, na kuma rubuta wa edita. Abin da ba ni da hanyar sani shi ne ko marubucin ya taka ƙafarsa zuwa ƙauyukan nan, ko kuwa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya zauna ya cike takardun tambayoyin da hannunsa. Idan maƙaryaci ya iya lissafi, alƙalumansa za su daidaita, ni kuma in sa hannu.

Ko kuskuren da yake a fili ma ba duka ake kamawa ba. A wani gwaji da aka buga a 1998, editocin mujallar likitoci ta BMJ sun cusa kurakurai takwas da gangan a cikin wata maƙala suka rarraba wa masu bita, sama da mutum 200 suka amsa, kuma a matsakaici biyu kacal kowannensu ya gano. Sannan akwai son rai. A 1982 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Douglas Peters da Stephen Ceci, sun ɗauki maƙaloli 12 da aka riga aka buga, na marubuta daga manyan jami'o'in Amurka, suka canza sunaye suka sa na wasu cibiyoyi da babu su, suka sake aika wa mujallun da suka buga su tun farko. Uku kawai aka gane an taɓa bugawa. Daga cikin taran da suka rage, takwas aka ƙi karɓa, har ana cewa hanyar bincikensu tana da rauni. Duk malamin jami'a a ƙasar nan da ya taɓa aika aiki waje da adireshin Gwagwalada ko Jos a samansa ya san wannan ciwo, shi ya sa nake ba ɗalibaina shawarar su fifita mujallun da suke ɓoye sunan marubuci daga mai bita idan sun samu.

Yawan masu saye ma yana da nasa karkata. Mutanen da suke ɗaukar wahalar rubuta sharhi galibi su ne waɗanda suka ji daɗi matuƙa da waɗanda ransu ya ɓaci matuƙa, na tsakiya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sun yi shiru sun ci gaba da harkokinsu. A wurinmu akwai ƙari a kan wannan, domin kara da kunya suna hana mutum ya fito bainar jama'a ya kushe kayan wani, sai ya ce a bar wa Allah, abincin wani ne. Akwai kuma tsoro. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi, aka kama ta aka kawo ta nan Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a shari'ar, ba sai an faɗa ba, wanda ya ji labarin zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta kushe da sunansa. Saboda haka rashin ƙorafi a ƙarƙashin kaya a shagon Nijeriya ba hujja ba ce cewa babu abin ƙorafi.

A nan ya kamata a ware wani abu da ba sharhi ba ne sam, ko da yake ana sa masa rigar sharhi. Masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan gyaran jiki a Instagram da WhatsApp sukan ɗora hotunan saƙonnin abokan ciniki suna godiya da sa albarka. Mai kayan ce ta zaɓi wanda za ta nuna, ita ce ta ɓoye wanda ba ta so, kuma babu mai iya tabbatar da cewa saƙon ba daga wayar ƙanwarta ya fito ba. Talla ce, a ɗauke ta a matsayin talla.

Tambayar da ta fi kowacce tona asiri ita ce wa yake samun kuɗi idan aka ce abu yana da kyau. Shagon intanet yana cin kamasho ne idan an yi ciniki, kuma mai kaya ya san ɗan ƙarin tauraro yana ɗaga shi zuwa shafin farko. Daga nan sana'ar sayar da yabo ta samo asali. Amazon ya haramta ba da kaya kyauta a madadin sharhi a 2016, in ban da ta wani tsari nasa na musamman, amma abin bai tsaya ba. A 2021 ya kori kamfanonin Sin kusan 600 saboda maguɗin sharhi, a 2022 ya kai ƙarar masu kula da zaurukan Facebook fiye da 10,000 da ake dillancin yabon ƙarya a cikinsu, kuma ya ce a shekarar ya toshe sharhin da yake zargi na bogi ne sama da miliyan 200. Wani marubuci a Landan mai suna Oobah Butler ya nuna iyakar abin a 2017, lokacin da ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor, shafin da ake rubuta sharhi a kan otal-otal da gidajen abinci, a matsayin gidan abinci, abokansa suka riƙa zuba yabo, har ta zama ta ɗaya a duk birnin alhali ba ta taɓa sayar da ko cokali ɗaya na abinci ba. Hukumar kasuwanci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar hana sayen sharhi da sayar da shi a 2024, Birtaniya ma ta yi doka a shekarar. Mu a nan muna da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa kuma hedikwatarta tana Abuja, ana iya kai mata ƙorafi, amma mai saye ba zai jira ta tsarkake masa taurari kafin ya yi ciniki ba.

Mai zaton duniyar ilimi ta tsira daga wannan bai san ta ba. A da mujallu suna samun kuɗi ne daga ɗakunan karatu da suke biyan kuɗin shekara, saboda haka ƙin karɓar maƙala ba ya rage musu komai. Da aka shigo da tsarin da marubuci yake biya don kowa ya karanta kyauta, sai kowace maƙala da aka karɓa ta zama riba, kowace da aka ƙi ta zama asara. Tsarin ba haramtacce ba ne, mujallu masu mutunci da yawa suna bin sa, har Nature takan karɓi fiye da dala 10,000 a kan maƙala ɗaya ga wanda ya zaɓi wannan hanya. Amma ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara, waɗanda wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya shahara da tattara sunayensu har zuwa lokacin da ya rufe jerin nasa a farkon 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan maganin ciwon daji, cike da kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gani, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Abin da ya tsaya mini a rai a labarin shi ne sunayen marubuta da cibiyoyin bogin da ya yi amfani da su na Afirka ne, domin ya san ba za a yi mamakin rashin samunsu a intanet ba.

Manyan kamfanoni ma an shammace su. Wasu mujallu sukan nemi marubuci ya ba da sunayen masanan da suka dace su duba aikinsa, sai masu wayo suka riƙa ba da sunan masani na gaskiya tare da adireshin imel na ƙarya da yake hannunsu, su duba aikinsu da kansu su yaba. Ta irin wannan hanya kamfanin Springer ya janye maƙaloli 107 daga mujallar Tumor Biology a 2017. A 2023 kamfanin Hindawi, wanda Wiley ya saya, ya janye fiye da 8,000 bayan an gano masana'antun ƙera maƙala sun mamaye shi. Wannan da mai kayan da ya buɗe asusu ashirin yana yabon fankarsa, sana'a ɗaya ce. A cikin gida kuwa muna da namu salon, na ba ni gishiri in ba ka manda: ka sa sunana a taka in sa naka a tawa, ka duba tawa da sassauci in duba taka, tunda ƙarin girma yana tafiya ne da yawan abin da aka buga, kuma masu fanni ɗaya a ƙasar nan kusan duk sun san juna.

Wajen gyaran kuskure taurari sun fi sauri, domin kullum ana ƙara sababbi, kuma kayan da suka lalace za su fara tara kushe cikin 'yan watanni. Mujalla takan yi nawa. Maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta wata allurar rigakafi da matsalar ƙwaƙwalwa ga yara, wadda aka gina a kan yara 12 kacal, ta fito a The Lancet a 1998, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 2010, bayan ta riga ta tsorata iyaye masu yawa. Amma idan idon duniya yana kan abu, akan yi hanzari. A 2020 mujallar nan ta janye wata maƙala a kan amfani da dangin kulorokwin wajen jinyar korona cikin kusan mako biyu, bayan masana daga ƙasashe daban-daban sun nuna shakku a kan bayanan da aka gina ta a kansu.

To, idan zaɓi ya zo, ga yadda nake raba su. Duk kayan da aibinsu yake bayyana ga mai amfani da su, irin su waya, fanka, takalmi, tukunyar gas da injin markaɗe, shaidar masu saye ce ta dace, babu farfesan da zai gaya maka abin da ya fi nasu. Sai dai a iya karanta ta. A fara da masu taurari biyu da uku, domin su ne suka fi faɗin dalili, kuma idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci aibi ɗaya, a ɗauka gaskiya ne. A nemi wanda ya ce ya yi wata uku ko shida yana amfani da kayan, a fifita mai alamar an tabbatar ya saya da mai hoton kayan a ɗakinsa. A duba kwanan wata, domin yabo talatin da suka sauka a kwana biyu da kalmomi masu kama da juna haɗin baki ne. A tabbata sharhin a kan kayan da ake sayarwa yanzu yake magana, saboda akan canza kaya a bar tsohon yabo a ƙarƙashinsu. Taurari huɗu daga mutum ɗari takwas sun fi biyar daga mutum uku. Idan kuma kayan masu tsada ne, kamar batirin inbata ko faifan sola, akwai shaidar da ta fi duka, wato ta mai gyara. Wanda ya canza wa fankata batiri a Banex ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, irin wannan kullum sai an kawo mana, batirin da suke sa mata ƙarami ne." Shi gawarwakin kaya yake gani, ya san wanda yake mutuwa da wuri.

Kayan da amfaninsu ko cutarwarsu ba ya bayyana ga mai amfani da su kuwa, a nan taurari ba su da abin cewa, ko da kowane mai yabo ya rantse kuma gaskiyarsa yake faɗa. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, saboda haka wanda ya sha wani haɗi ya ce ya ji sauƙi bai ba da shaida a kan jininsa ba, a kan jin daɗinsa ya bayar. Man shafawa mai ɗauke da sinadarin makuri zai haskaka fata kamar yadda aka yi alƙawari, mai shafawa ta ba shi taurari biyar da zuciya ɗaya, illar da yake yi wa ƙoda kuwa sai bayan shekaru, lokacin da babu mai komawa ya gyara sharhi. Haka maganin ciwon suga, da na ƙarin kuzari, da na rage ƙiba. Wannan fagen na bincike ne, domin sai an kwatanta mutane da yawa da suka sha da waɗanda ba su sha ba, an auna da na'ura, kafin a san gaskiya. Amma ko a nan kada mai talla ya ruɗe ka da cewa an buga a mujalla. Maƙala ɗaya ba hujja ba ce, musamman idan a kan ɓeraye aka yi gwajin. Abin dogaro shi ne inda bincike da yawa suka haɗu, irin bitar da cibiyar Cochrane take tattarawa, da kuma likita ko mai ilimin haɗa magunguna da ya san su. Lambar NAFDAC ma a fahimce ta daidai, domin a jikin magungunan gargajiya da yawa da suke ɗauke da ita akwai rubutu ƙarami da yake cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.

Saura zaɓin malami ko ɗalibin da yake neman inda zai buga aikinsa, kuma abin mamaki a nan shaidun biyu suke haɗuwa, domin shi marubuci mai saye ne, mujalla kuma shago. Kada a yarda da tambarin da mujalla ta manna a shafinta cewa tana cikin Scopus ko DOAJ, wato ma'adanan intanet da suke jera mujallun da suka tantance, a je shafin waɗannan ma'adanai a nemi sunanta da kai, a kuma duba ko ba a cire ta ba, tunda akan cire. Ga mujallun nahiyarmu akwai AJOL, wanda yake tattara ɗaruruwansu tun 1998, kuma Nijeriya tana da kaso mai tsoka a ciki. A ɗauki sunaye biyu daga jerin editoci a bincika ko mutanen suna nan a jami'o'in da aka ce, kuma ko sun san an sa su. Mujallar da take buga aikin likitanci da adabi da injiniyanci a fitowa ɗaya, wadda ita ce ta fara aiko maka da imel tana kiran ka babban masani, ta kuma yi alƙawarin amsa cikin kwana uku, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce. A karanta ƙa'idojin ƙarin girma na jami'ar da ake aiki, kada a biya dala a kan abin da kwamiti zai jefar. Sannan a tambayi waɗanda suka taɓa bugawa a wurin tambaya ɗaya: da aka dawo maka da maƙalarka, me masu bita suka ce ka gyara? Idan amsar ita ce ba komai, to ba a duba ba.

Ɗalibar tawa ba ta biya ba. Ta rubuta ta janye maƙalar, ko da yake sun ci gaba da damun ta da saƙonni har da tayin ragi, muka aika wa wata mujallar wata jami'a a ƙasar nan da muka samu a AJOL. Wata huɗu shiru, har ta fara cewa da ta sani. Ran nan sai ga ta da takarda shafi biyu a hannu, ranta a ɓace, ta ce, "Malam, sun yi kaca-kaca da aikin nan, gyara goma sha ɗaya suke so." Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki son rai ne kawai na mai bitar, har da neman a ambaci wasu ayyuka da nake kyautata zaton nasa ne, na nuna mata yadda za ta amsa cikin ladabi ba tare da ta bi ba. Na bakwai kuwa ya ce alƙaluman jadawali na uku ba su dace da abin da aka faɗa a kammalawa ba. Muka buɗe kwamfuta muka duba, ashe layi biyu ne suka musanya wuri tun lokacin da take kwafe su, kuma ni da na karanta babin sau uku ban gani ba. Ta ja kujera kusa da tebur ta fara sake lissafin daga farko.